Rotsen da Ba Ya Zubar da Jini: Yadda Injin Wanki Ke Illata Kan Ma'aikaci a Legas

Zannuwan gadon otal-otal ɗin Victoria Island, Ikoyi da Ikeja, da tawul-tawul ɗinsu, da shimfiɗun teburan bukukuwan Asabar, ba a baho ake wanke su ba. Wanki da guga a Legas ya rabu gida biyu. Akwai wanda muka saba da shi, na mutum ɗaya da bahonsa da dutsen gugarsa, irin wanda 'yan Arewa suka daɗe suna cin abinci da shi a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Akwai kuma na kamfani, inda ake auna kaya da kilo, a loda su a inji mai cin kilo talatin, hamsin, wani ma fiye da ɗari a zubi ɗaya. Wannan na biyun ba ya tambayar takardar makaranta, ƙarfi da juriyar zafi kawai yake nema. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa, matasanmu da yawa suka koma neman duk aikin da zai karɓe su, kuma ɗakin wanki na cikin wuraren da ƙofarsu ke buɗe.

In ka tambayi mai wannan aiki abin da yake tsoro, zai ce maka ƙuna: tururi, ƙarfen guga, ko bilic da ke cinye hannu. Gaskiyarsa ne, su ya fi gani. Amma raunin da ya fi saurin kai mutum kabari, ko ya mayar da shi gida ba yadda ya zo ba, shi ne na kai. Dalili kuwa shi ne ƙuna tana da ihu, kowa yana ganinta, ana rugawa da mai ita. Bugun kai sau da yawa shiru gare shi. Mutum zai faɗi, ya tashi, ya shafa wurin, ya duba hannunsa bai ga jini ba, ya ce, “Ba komai, oga,” ya koma bakin aiki.

Sai an fara fahimtar ƙarfin da ke cikin injin kafin a gane sauran. Lokacin wanki, gangar tana juyawa a hankali. Lokacin matse ruwa ne take tsananta gudu. Ɗauki ganga mai faɗin mita ɗaya da ke zagaye 800 a minti ɗaya, wanda ba wani abin mamaki ba ne a manyan injuna. Bakin wannan ganga yana gudun kusan kilomita 150 a awa, kuma duk abin da ke manne da bangonta yana danna shi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau 350. Ke nan in jiƙaƙƙun tawul masu kilo biyu suka dunƙule a gefe ɗaya, ƙarfin da suke fizgar injin da shi ya kai na kilo 700, kuma fizgar tana sauya gefe sau goma sha uku a kowace daƙiƙa. Wannan ne ke sa inji rawa, ya riƙa tafiya a kan siminti, ya kwance noti, ya cinye boris. Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa suke ɗora shi a kan sifirin da shokozoba, su sa masa na'urar da ke kashe shi in rawar ta yi yawa, su kuma sa wa ƙofar makullin da ba ya sakinta sai ganga ta tsaya cik.

A nan Legas ta shigo cikin zancen. Sabon inji kuɗi ne na tashin hankali, don haka ƙanana da matsakaitan kamfanoni kan sayi tokumbo, wanda ya gama rayuwarsa ta farko a wani otal ko asibiti a Turai. Injin yana iya zama lafiyayye, amma abin da ya fi saurin lalacewa a jikinsa su ne ƙananan na'urorin tsaron nan, kuma su ne mafi wuyar samu a kasuwa. Makullin ƙofa ya ƙone ranar Juma'a, otal na jiran kaya da asuba, sai a kira mai gyaran wuta. Shi kuma ya san abin da maigida ke so: inji ya tashi. Sai ya haɗe waya biyu, ya tsallake makullin. Inji ya tashi, kowa ya yi murna, an biya shi. Daga wannan rana ana iya buɗe ƙofar ganga tana kan gudu, kuma sabon yaron da za a ɗauka wata mai zuwa ba wanda zai gaya masa.

Hatsarin ya fi tsanani a tsohon injin matsewa mai baki a sama, wanda ake ɗaga masa murfi a zuba kaya. Ko an kashe shi, gangarsa na ci gaba da juyawa na wani lokaci saboda nauyinta, sai dai in birkinsa na da kyau. Mai gaggawa zai ɗaga murfin, ya sunkuya ya leƙa, ko ya sa sanda don ya tsayar da ita. Sandar kan dawo masa a fuska. Ƙarshen zanen gado da ya leƙo waje kan zama bulala, ya naɗe hannu, ya fizgo mutum kansa ya daki bakin ƙarfen. Akwai kuma abin da ke cikin aljihun kaya ko aka naɗo cikin shimfiɗar tebur, cokali, mabuɗin kwalba, makulli, wanda in ya kuɓuce daga ganga mai wannan gudu zai iya fasa ƙashi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta bambanta ɗakin wankin Ojota da na Jamus. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, inji in ya tsaya, wani ne ya tsayar da shi. A nan inji kan tsaya don an ɗauke wuta, makunninsa kuma yana nan a kunne. Ma'aikaci ya ga ganga ta yi shiru, ya ga dama ta samu ta fitar da kaya ko ta warware zanen da ya sarƙe, ya zura kai da kafaɗu ciki. Can baya, mai kula da janareta, wanda ba ya ganin ɗakin, ya tayar ya juya wuta. Ko kuma kamfanin lantarkin ne ya dawo da tasa. Injin kirki yana da abin da ke hana shi tashi da kansa bayan ɗaukewar wuta, sai an sake danna masa. Amma wannan ma yana cikin abubuwan da ake tsallakewa in ya ƙone. A ganina babu lokacin da ya kai mintunan nan na tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta hatsari a ɗakin wanki, kuma su ne mintunan da kowa ke jin an samu sarari.

Ko a ƙasashen da doka ke da haƙori, warware kayan da suka maƙale shi ne wurin da ake rasa mutane. A watan Maris na 2007, a wani babban kamfanin wanki a garin Tulsa na Amurka, wani ma'aikaci ya hau kan bel mai kai kaya don ya saki jiƙaƙƙun kayan da suka toshe, ya faɗa cikin injin busarwa yana aiki, ya rasu. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta nemi cin kamfanin tarar dala miliyan 2.78. Ƙa'idar da suke bi tun 1989 mai sauƙi ce ƙwarai: kafin kowa ya sa jikinsa cikin inji, a kashe wutar daga tushe, ya sa kwaɗonsa a kan makunnin, ya jefa ɗan makullin a aljihunsa. Muddin yana ciki, ba mai iya kunnawa, ko da maigida ne. Kwaɗo ɗaya na kasuwar Agege ya isa wannan aiki.

Akwai nau'in raunin da ya fi shafar mata, kuma ba a cika son faɗarsa ba saboda muninsa. Bayan kowane inji akwai bel da fuli, kuma ana zuwa da su a rufe da faifan ƙarfe. In bel na yawan sauka, sai a cire faifan a jingine a bango don kada a riƙa wahalar kwance noti kullum. Injin gugar zannuwa kuma yana da dogayen rodi masu juyawa da ke jan kaya ciki, da zafin da ya haura digiri 150. Duk abin da ke lilo, injin nan ba ruwansa da ko zane ne ko ba zane ba: bakin hijabi, gyale, jelar kitso mai ƙari, hannun jallabiya, igiyar laya, wayar sauraron waƙa. Fatar kai tana zaune ne a kan wata shimfiɗa mai sako-sako a saman ƙashi, don haka in gashi ya naɗe a ƙarfe mai juyawa, gashin ba ya tsinkewa, fatar ce ke ɗayewa, wani lokaci daga gira har ƙeya. Ba a ce mace ta tuɓe lulluɓinta don ta yi aiki ba. Ƙaramin hijabi mai kama kai, a cusa bakinsa cikin riga, a tattare gashi ciki, ya wadatar. Amma wannan kariya ce ta biyu. Ta farko ita ce faifan nan da ke jingine a bango ya koma mazauninsa.

Sauran hanyoyin ba su da ban tsoro a ido, amma sun fi yawa. Daɓen siminti ko tayil da ruwan sabulu a kai, ga silifas a ƙafa, ga dami a ka ko a kafaɗa: santsi ɗaya, ƙeya ta daki ƙasa. Ƙofar injin busarwa na sama da aka bari a buɗe, mutum ya sunkuya ya kwashe kaya daga na ƙasa, ya ɗago da ƙarfi. Bututun tururi da aka ratsa daidai goshi. Jan wuta daga jikin injin da ba a yi masa wayar da ke sauke wuta ƙasa ba, wanda ko bai kashe ba yana wurgar da mutum. Ga zafin ɗakin da ke kawo jiri, musamman ga mai azumi ko wanda ya kwana yana aiki a watan Disamba, lokacin da otal-otal ke cika bukukuwa kuma ba sa ƙarewa. Inda ake wankin kwat da manyan kaya ba da ruwa ba, sinadarin da aka fi amfani da shi yana sa juwa da nauyin kai in ɗakin ba iska, kuma an daɗe da sanin yana da illa ga lafiya in an jima ana shaƙarsa.

Me ke faruwa a cikin kai in an buge shi? Wannan ne ɓangaren da ya kamata kowane ma'aikaci da kowane maigida ya haddace.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma taushinta kamar na awara ne da aka saka cikin robar ruwa aka rufe. In ka buga robar da bango, ko ba ta fashe ba, awarar ta daki gefe ta dawo ta daki ɗaya gefen. Shi ya sa wanda ya faɗi ta ƙeya kan samu rauni a gaban ƙwaƙwalwa. Fatar kai kuwa cike take da jijiyoyin jini, ɗan ƙaramin tsagu sai ya wanke fuska da riga. Daga nan kuskuren mutane ke farawa, suna auna tsananin rauni da yawan jinin da suka gani. Rotsen da ya jiƙa riga yana iya zama na ɗinki huɗu a koma gida. Wanda bai fitar da ko ɗigo ba yana iya zama mai zuba ta ciki.

Ƙoƙon kai rufaffe ne, ba ya buɗewa ya ba jini wuri. Duk abin da ya taru ciki, ƙwaƙwalwa yake matsewa. Wurin da ya fi rauni shi ne gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta, kuma akwai wata jijiya mai harba jini da ke bi ta ƙarƙashinsa. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai fara taruwa tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Mugun halin wannan rauni shi ne yakan ba da tazara. Mutum ya suma na ɗan lokaci ko ma bai suma ba, ya farfaɗo garau, ya yi magana, ya yi dariya, ya ci abinci. Bayan awa ɗaya, ko uku, ko fiye, ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye shi, daga nan ba ya tashi. Likitocin tiyatar kai suna ɗaukar taruwar da ta wuce mililita 30 a wannan wuri, wato cokali biyu na cin abinci, a matsayin wadda dole a buɗe a kwashe. In an yi aikin da wuri, mutane da yawa suna warkewa sarai. Haka ya faru da 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson a watan Maris na 2009: ta faɗi a wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita, bayan kwana biyu ta rasu. Ita da ke da kuɗi ke nan.

To ka kwatanta da ɗan ci-ranin da ya bugu da ƙarfe huɗu na yamma a wani ɗakin wanki a Lekki. An ce masa ya je ya huta. Ya biya kemis, an ba shi maganin ciwon jiki. Ya hau mota ya koma masaukinsa, ɗakin da suke kwana su shida ko barandar wani shago, ya ce wa 'yan'uwa kansa na ciwo, ya juya bango. Su kuma don tausayi suka ce, “Ku ƙyale shi ya yi barci, ya gaji.” Kowane mataki a nan an yi shi da kyakkyawar niyya, kuma kowane ɗaya ya cinye lokacin da likita ke buƙata.

Maganin kemis ɗin ma abin dubawa ne. Asfirin yana hana jini daskarewa, kuma su ibuprofen da diclofenac, waɗanda su aka fi miƙa wa mai ciwon jiki, ba a son su a farkon raunin kai saboda wannan dalili. Tramadol ya fi muni, domin yana kawo gyangyaɗin da zai ɓoye alamar da ake son gani, yana kuma iya tayar da jijjiga. Farasitamol ne kaɗai ake yarda da shi kafin likita ya duba.

Alamomin da ke cewa a tafi asibiti yanzu, ba gobe ba, sanannu ne. Suma ko ta daƙiƙa nawa ce. Kasa tuna abin da ya faru, ko maimaita tambaya ɗaya. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake fama kafin a tashe shi. Magana ta karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta yi sanyi, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, jijjiga. Jini ko wani ruwa garai-garai daga hanci ko kunne, ko duhu ya kewaye idanu biyu ko bayan kunne, waɗanda ke nuna ƙashin gindin kai ya tsage. Ni dai ra'ayina, in inji mai gudu ne ya bugi mutum a ka, ba a jiran ko ɗaya daga cikinsu. Wanda kuma likita ya sallama, kada a bar shi shi kaɗai a awa 24 na farko, a samu mai lura da shi ya tabbatar yana tashi yana amsa magana daidai.

A wurin da abin ya faru, aikin farko kashe wuta ne daga tushe, kafin mai ceto ya zama na biyu. In mutum ya faɗi bai motsa ba, a ɗauka wuyansa ma ya taɓu: kada a ɗaga shi zaune, kada a girgiza shi, kada a ɗura masa ruwa ko madara, a riƙe kansa daidai da jikinsa. In zai yi amai, a juya shi gaba ɗaya a gefe, kai da jiki tare. Tsagun fata a danne shi da tsabtataccen ƙyalle, abin da ba a rasa shi a ɗakin wanki, sai dai in an ji ƙashin ya lotsa, to a danna gefe-gefe kawai. Ba a zuba toka, ƙasa, garin magani ko man birki. In fatar kai ta ɗaye, kada a yar da ita: a naɗe ta da ƙyalle mai ɗanshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar a kan ƙanƙara ba tare da fatar ta taɓa ƙanƙarar ba, a tafi da ita, domin likitoci kan iya mayar da ita in an isa da wuri.

Ina za a kai shi? Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767. Abin da ake nema shi ne asibitin da ke da na'urar hoton CT, mai nuna cikin kai, da likitan tiyatar kai, irin asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin da ke taruwa ciki, don haka “an yi hoto ba a ga komai ba” a ƙaramin asibitin unguwa ba ya wanke mutum. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2019 ya nuna cewa wata allura mai araha da ke rage zubar jini tana rage mace-mace a raunin kai mai sauƙi da matsakaici in an yi ta cikin awa uku na farko. Wanda ya san goslon Legas ya san awa uku na iya ƙarewa a kan gadar Third Mainland kaɗai. Ke nan duk kamfanin wanki ya kamata ya san asibitin da zai nufa tun kafin ranar, da hanyar da zai bi. In kuma aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyaci, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Ana karya ta, amma wanda ya san da ita ba ya tsayawa a bakin ƙofa kamar wanda bai sani ba.

Mu mutane ne masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Sai dai maganar tana yi wa wasu daɗi fiye da kima. Wanda ya ba da umarnin a tsallake makullin ƙofa ya fi kowa saurin faɗinta, ya haɗa da ɗan kuɗin mota a ambulan. Doka ba ta tsaya nan ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk ɓangaren inji mai hatsari, kuma jihar Legas tana da hukumarta ta kula da tsaron wuraren aiki. Wadda ta fi shafar aljihun ma'aikaci ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa. Mai kamfani ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, kuma an hana shi cire wannan daga kuɗin ma'aikaci. Ba a buƙatar a tabbatar da laifin kowa kafin a biya, ya isa a ce a bakin aiki abin ya faru.

Abin da yawancin 'yan'uwanmu ba su sani ba shi ne dokar ba ta ware ɗan aikin yini ba. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki ko a rubuce, na dindindin, na wucin gadi, ɗan koyo, har da mai aikin rana-rana. Ta kuma ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe haƙƙinsa na diyya ba ta da ƙarfi, ke nan takardar da ake turo wa mutum a gadon asibiti ya dangwala ba ta rufe magana. Amma akwai wa'adi. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Mai kamfani ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. In an yi jayayya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke raba gardama, kuma tana zama a Legas.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Yaron da wani ɗan garinsu ya kawo, ake biyansa a hannu duk yamma, ba sunansa a kowane littafi, in an tambaya sai a ce ba a san shi ba. Ga kuma lissafin da shi kansa yake yi yana tsaye yana jin jiri: in ya tafi asibiti kuɗin yau ya tafi, gobe kuma wani ya maye gurbinsa. Mafi ƙarancin albashin da jihar ta sanar a 2024 naira 85,000 ne, amma ɗan rana-rana ba shi da wata, yini gare shi. “Ba komai, oga” ɗin nan ba jarumta ba ce kawai, tsoron rasa aiki ne.

Raunin kai kuma ba ya ƙarewa ranar da aka cire zare. Wani zai yi makonni ko watanni yana fama da ciwon kai, mantuwa, saurin fushi, rashin barci, ƙin haske da hayaniya. Wani farfaɗiya ce za ta same shi bayan an manta da faɗuwar. Akwai kuma jinin da ke taruwa a hankali, musamman ga masu shekaru, ya yi makonni kafin mutum ya fara ruɗewa ko jan ƙafa. A lokacin an riga an sa shi a motar Kano ko Sakkwato, a gida kuma ana cewa iska ce ko sammu, ana yawon neman magani ba wanda ya gaya wa likita cewa ƙofar inji ta taɓa bugunsa a Ikko. Duk wanda zai raka irin wannan majinyaci gida, ya tafi da katin asibiti da sakamakon hoton, ya kuma faɗa wa iyalinsa ranar da abin ya faru da gefen da ya bugu.

Wasu kan ce a raba wa ma'aikata hular kwano. Tana da amfani ga mai gyara da ke shiga ƙarƙashin inji ko tsakanin bututu, amma a zafin ɗakin wanki ba wanda zai yini da ita, kuma ba ta hana ganga fizgar mutum. Kuɗin ya fi amfani a makullin ƙofa na gaske, da faifan bel, da takalmin roba mai kama ƙasa, da magudanar da za ta janye ruwa daga daɓe, da ƙararrawar da mai janareta zai kaɗa kafin ya juya wuta. Bayani kuma a yi shi da harshen da yaron ke ji. Takardar gargaɗi da Jamusanci a jikin injin tokumbo ba ta gargaɗi kowa ba.

Ɓangaren shaidar kuwa ba sai an jira kamfani ba. Wanda ya kai ƙaninsa aiki ya rubuta ranar da ya fara da sunan wurin. A nemi a riƙa biya ta banki ko ta waya, domin saƙon shigar kuɗi shaida ne. In abu ya faru, a ɗauki hoton injin da na raunin a ranar, kafin a mayar da faifan, a aika wa maigida saƙo a rubuce ta WhatsApp don kwanan watan ya zauna. Fadojin sarakunan Hausawa na unguwanni da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya sun riga sun saba tara kuɗin kai gawa gida. Littafi ɗaya mai sunayen waɗanda ke aiki a kamfanonin wanki, da lambar wanda za a kira da dare, da mutum ɗaya da ya san hanyar ofishin NSITF, bai kai wannan tsada ba.